Yadda Ƙungiya Za Ta Bi Takardun Mai Jiran Shari'a Har Ya Fito

Duk shekara idan azumi ya kama, sai ka ji wani attajiri ko gwamna ko ƙungiya sun shiga gidan gyaran hali sun biya wa fursunoni tara an sake su. Aikin lada ne, babu mai raina shi. A watan Nuwamban 2023 ma, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali don fitar da mutum 4,068 da tara ko diyya ta riƙe. Sai dai duk wanda ake biya wa tara an riga an yanke masa hukunci, ya san abin da aka ɗora masa, ya san ranar fitarsa. Yawancin waɗanda ke ciki ba su kai wannan matsayin ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma ko buhun kuɗi aka kawo babu inda za a biya a ce sun fita. Abin da ya riƙe da yawansu takarda ce da ta tsaya a wani tebur, babu mai bibiyarta. Aikin ƙungiyar da ke son taimaka musu shi ne ta gano teburin, ta san wanda ke zaune a kansa, ta yi ta komawa har takardar ta motsa.

Wannan aiki ba sai lauyoyi kaɗai ba. Malamin makaranta, ɗan kasuwa, matar aure mai ilimi, ɗalibi, duk za su iya ɗaukar kaso mafi tsoka nasa, domin yawancinsa zirga-zirga ce da rubuta wasiƙa da adana bayani. Amma tsayawa gaban alƙali a kare wani aikin lauya ne, don haka kada ku fara sai kun ƙulla da lauya. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 kuma take aiki yanzu da dokar 2011, tana da ofis a kowace jiha, kuma an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Lauyoyinta kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, shi ya sa suke maraba da wanda zai kawo musu shari'a a shirye, da lambarta da tarihinta. Akwai kuma reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da cibiyoyin taimakon shari'a na ɗaliban lauya a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello. Ƙungiyar PRAWA tana wannan fage tun 1994. Neman shawarar irinsu zai rage muku tuntuɓe.

Ku yi wa ƙungiyarku rajista, sannan ku rubuta wa Kwanturolan gidajen gyaran hali na jiha kuna neman izinin ziyara, da sunayen waɗanda za su riƙa shiga. Idan izini ya fito, mutum biyu za ku fi buƙata a ciki: jami'in walwala da jami'in da ke riƙe da rajistar fursunoni. Ku girmama su. Gandirobobi ba su ne suka tsare mutanen nan ba, kotu ce ta aiko su, kuma cunkoson su ma yana damunsu. Sau da yawa gandiroba ne zai ja ku gefe ya ce, “Akwai wani bawan Allah a nan, rabon da a kai shi kotu har na manta.” Daga irin wannan mutumin ya kamata ku fara.

Zama da wanda ke tsare

Ku faɗa masa ko ku su wane ne, ku ce ba ku karɓar ko sisi, kuma kada ku yi masa alkawarin fita. Wanda ya daɗe a tsare yana riƙe kalma da ƙarfi. Idan kuka ce “mako mai zuwa” zai haɗa ’yan kayansa ya zauna jira. Ku nemi yardarsa kafin ku rubuta komai. Abin da kuke so ku sani shi ne cikakken sunansa da duk wani suna da aka rubuta masa a caji ofis, ranar da aka kama shi, ofishin ’yan sandan da ya fara kwana, sunan ɗan sandan da ya yi bincike, kotun da aka kai shi, ranar da ya yi mata ganin ƙarshe, ko an taɓa ba shi beli, ko akwai waɗanda aka haɗa su a tuhuma ɗaya, da lambar wayar wani ɗan'uwa. Maganar suna ba ƙarama ba ce. Mutum na iya zama Muhammadu a kotu, Mamman a wurin ’yan sanda, Ɗanlami a gidan yari, ku yi ta neman fayil alhali yana gabanku.

Tambaya ɗaya ce ban yarda mai aikin sa-kai ya yi ba: “Ka aikata?” Sirrin da doka ta kare shi ne wanda ke tsakanin mutum da lauyansa, don haka ku bar wa lauya wannan. Kuma amsar ba ta canza aikinku. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Ko wanda ya yi laifin haƙƙinsa ne a yi masa shari'a a kan lokaci, haka wanda aka zalunta haƙƙinsa ne ya ga an yanke hukunci kafin shaidu su watse.

Kafin ku fita, ku roƙi jami'in rajista ya nuna muku takardar tsarewa da kotu ta aiko mutumin da ita. A jikinta za ku ga sunan kotu, lambar shari'a, laifin da ake tuhuma, da ranar da aka ce a mayar da shi. Ku kwafe su daidai. Idan ranar komawar ta wuce da daɗewa kuma ba a rubuta sabuwa ba, kun gano matsala ta farko: mutumin ya faɗo daga jerin shari'un kotu, babu wanda zai kira sunansa sai an tuna da shi.

Inda takarda take maƙalewa

A nan ne aikin yake, kuma sai an fahimci hanyar da shari'a ke bi. Idan ana zargin mutum da babban laifi kamar kisan kai ko fashi da makami, ’yan sanda sukan kai shi kotun majistare da takardar rahoton farko da ake kira FIR. Majistare ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi, sai dai ta ba da umarnin a tsare shi kafin a samu shawarar Ma'aikatar Shari'a. Kotun Ƙoli ta amince da wannan tsarewa a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007. Daga nan ya kamata ’yan sanda su aika kwafin fayil zuwa ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, lauyan gwamnati ya karanta ya ce ko akwai hujjar gurfanarwa ko babu. Idan akwai, a shigar da ƙara a Babbar Kotu. Idan babu, a sanar da majistare ta sallame shi.

A kowace gaɓa ta wannan hanya ana iya mantawa da mutum. Wani fayil ɗin bai taɓa barin caji ofis ba, domin an yi wa mai binciken canjin wurin aiki ya tafi ya bar shi a durowa. Wani ya isa sashen shari'a na hedkwatar ’yan sanda ya kwanta. Wani ya isa ma'aikata amma ba a ba kowa shi ba. Wani an rubuta shawarar gurfanarwa amma ba a shigar da ƙarar ba. Wanda ya fi ciwo shi ne wanda shawara ta riga ta fito cewa ba shi da tuhumar da zai amsa, amma takardar ba ta isa kotu ba, yana zaune a kurkuku bayan gwamnatin da ta kama shi ta wanke shi.

Don haka ku bi sawu daga ƙarshe zuwa farko. Ku fara da magatakardan kotun da ta tsare shi, ku tambaya ko shawara ta iso da kuma ranar zama na gaba. Idan ba ta iso ba, ku je rajistar Ma'aikatar Shari'a ku tambaya ko fayil ya shigo, yaushe, kuma wane lauya ke riƙe da shi. Idan bai shigo ba, sai sashen shari'a na rundunar ’yan sandan jiha, daga nan sai caji ofis ɗin da aka fara. A duk inda kuka je, ku tafi da wasiƙa kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku dawo da ita. Maganar baki tana bin iska, amma wasiƙa mai hatimi ita lauya zai ɗaga a gaban alƙali ya ce an tunatar da su a rana kaza ba su yi komai ba. Wasiƙar ta zama gajera: suna, lambar shari'a, ranar kamu, tsawon zaman da ya yi, da abu ɗaya da kuke roƙo. Ban da zagi, ban da barazana. Ofishin da kuka ci wa mutunci yau, gobe za ku koma masa da wani fayil.

Doka tana bayanku a wannan bibiya. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ake kira ACJA, ta ce a sashe na 296 umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14. Ana iya ƙara wasu 14 idan an nuna dalili a rubuce. Bayan haka kotu za ta kira hukumar da ta kawo mutumin da Antoni-Janar su bayyana dalilin da zai hana a sake shi, kuma idan aka yi ƙarin ƙarshe ba a gurfanar da shi ba, sai a sallame shi. Sashe na 376 ya ba Antoni-Janar kwana 14 daga karɓar fayil ya fitar da shawara. Wannan dokar ta Abuja ce da kotunan tarayya. Jihohi suna da nasu, Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019, kuma lambobin sassa da adadin kwanaki sukan bambanta, don haka ku nemi kwafin ta jiharku ku ajiye a ofis. A aikace ana tsallake waɗannan wa'adodi kullum, galibi saboda babu wanda ya tashi ya tunatar da kotu.

Wani lokacin takardu lafiya lau, mutumin ne ba a kai shi kotu. Ko babu mota, ko babu mai, ko kotu ba ta aiko da takardar a fito da shi ba. Wannan mai sauƙi ne: lauya ya roƙi a sa rana, magatakarda ya rubuta takardar fitowa, ku tabbatar ta isa gidan gyaran hali kafin ranar, sannan ku tuna wa jami'in rajista ana gobe.

Beli

Akwai jama'a da yawa a ciki da alƙali ya riga ya ba su beli, sharuɗɗan ne suka gagara. An ce a kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza ko mai takardar mallakar gida a cikin birni, alhali mutumin ɗan ci-rani ne da danginsa ke ƙauye. Wasu ma danginsu ba su san inda suke ba, sun nema sun gaji. Kiran waya ɗaya zuwa ga ɗan'uwa ko mai unguwa yakan warware abin da ya ɗauki watanni.

Ku fahimtar da dangi cewa kuɗin da alƙali ya ambata a beli yawanci ba biya ake yi ba, alkawari ne cewa mai tsayawa zai biya idan wanda ake tuhuma ya gudu, sai fa idan kotu ta fito fili ta ce a ajiye kuɗi. Da yawa suna jin “naira dubu ɗari biyar” sai su juya su tafi gida. Ku sanar da su kuma cewa mace tana iya tsayawa wa mutum. Sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi ta don kawai mace ce. Idan sharuɗɗan sun fi ƙarfin mutum, lauya zai iya neman a sassauta, a kotun ko a Babbar Kotu, domin doka ta ce kada sharaɗin beli ya yi tsanani. A laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke ba da beli, shi ma sai da dalili na musamman kamar rashin lafiya mai tsanani ko jinkiri mai yawa.

Shawarata ita ce ’yan ƙungiya kada su riƙa tsayawa wa mutanen da ba su sani ba. Tausayi zai ja ku, amma idan mutum ɗaya ya tsere, kotu za ta bi wanda ya sa hannu, kuma amincin da kuka gina da alƙalai zai zube, sauran da ke jiranku su ne za su ɗanɗana.

Idan hanyar farko ta toshe

Ku lissafa tsawon zaman mutum, ku gwada da mafi girman hukuncin laifin da ake tuhumarsa. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya hana a ci gaba da tsare mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da laifin ke ɗauke da shi. Wata doka ta 1977 ta ba Babban Jojin Ƙasa da manyan jojin jihohi ikon sakin wanda tsarewarsa ta saɓa doka a fili ko wanda ya wuce wannan iyaka. Da ita Babban Jojin jiha ke amfani idan ya kai ziyarar rage cunkoso. Ziyarar takan zo da gaggawa, sunaye da yawa, lokaci kaɗan, kuma wanda aka shirya wa bayani shi ake dubawa. Ku tanadi shafi ɗaya a kan kowane mutum, ku miƙa ta hannun Babban Magatakarda da jami'in gidan tun kafin ranar. Ku sa marasa lafiya da tsofaffi da masu ciki ko goyo a gaba. Idan kuka tarar da yaro a cikin manya, ko mai taɓin hankali da aka ajiye don an rasa inda za a kai shi, kada ku jira ziyara. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta hana ajiye yara tare da manya, ku kai maganar ga lauya da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa nan take.

Idan wasiƙu sun ƙi aiki, lauya zai shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46 na Tsarin Mulki. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun buɗe ƙofa ga ƙungiya ko ɗan'uwa su shigar a madadin wanda ke tsare, har wani da ya san lamarin ya yi rantsuwa a maimakonsa. A nan ne wasiƙunku masu hatimi za su yi rana. Sau da yawa da zarar sammaci ya isa ma'aikata, fayil ɗin da aka ce ya ɓace sai ya bayyana. Irin wannan shari'a ta taɓa kaiwa har Kotun ECOWAS: Sikiru Alade, wanda aka kama a Legas a 2003 aka ajiye a gidan yarin Kirikiri bisa umarnin majistare ba tare da shari'a ba, sai a 2012 kotun ta ce tsarewarsa haramtacciya ce ta ba da umarnin a sake shi. Shekara tara kenan a kan takardar tsarewa ta wucin gadi.

A ƙananan laifuka kamar faɗa, ƙaramar sata, ko rikicin kuɗi tsakanin abokan ciniki, sulhu yakan fi komai sauri. Dattawa, limami ko fasto, ko shugaban kasuwa za su iya zaunar da ɓangarorin, a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, sannan a je kotu a janye ƙara a gaban alƙali. Sulhun da aka yi a zaure ba a kai kotu ba bai fitar da kowa. Ku sani kuma doka ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Idan abin da ya faru kenan, ku faɗa wa lauya tun farko. Amma kada ku kusanci sulhu a shari'ar fyaɗe ko kisa, kuma kada ku taɓa matsa wa wanda aka cuta ya yafe. Ƙungiyar da ta danne mai ƙara don ta fitar da wanda ake ƙara ta sauya zalunci da zalunci ne.

Waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci lamarinsu ya fi sauƙin ganewa. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, galibi kwana 30 daga ƙaramar kotu, kwana 90 daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma idan ya wuce ana iya roƙon ƙarin lokaci da dalili. Ku duba ko an lissafa wa mutum zaman jira idan alƙali ya ce a lissafa, da rangwamen kashi ɗaya cikin uku da ake yi wa mai kyakkyawan hali. Afuwar gwamna a ƙarƙashin sashe na 212 na Tsarin Mulki tana bi ta kwamitin jinƙai na jiha, a can ake kai roƙo. Idan tara za ku biya, ku biya a asusun kotu ku karɓi rasit, kuma ku tabbatar babu diyya ko wata shari'a a kansa, kada ku biya ya ci gaba da zama.

Ko alƙali ya ce an sallami mutum, ƙofa ba ta buɗewa sai takardar saki ta isa gidan gyaran hali da sa hannu da hatimi. Ku bi ta a ranar, musamman idan Juma'a ce ko jajibirin hutu. Ku ba shi kwafin umarnin kotu ya riƙe, don kada a sake kama shi a kan magana ɗaya. Ku tanadi kuɗin mota da tufafi, ku sanar da danginsa, idan da hali wani ya raka shi wurin mai unguwa. Kada ku ɗauki hotonsa ku watsa a Facebook don a ga aikinku. Zai koma neman aiki da aure a garin da hoton ya riga shi isa.

Masu ba da sadaka da zakka, idan za ku ware na biyan tara a azumi mai zuwa, ku ware wani kaso na kuɗin mota da buga takardu da kuɗin shigar da ƙara ga masu wannan bibiya, domin a nan ƙungiyoyi suka fi gazawa. Ku kuma da kuke shirin farawa, kada ku kwashi sunaye ɗari. Ku ɗauki mutum biyar, ku buɗe wa kowane fayil, ku ba kowane fayil mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kansa duk mako, kuma kada ku ɗauki na shida sai ɗaya daga cikinsu ya fito ko an fara sauraron shari'arsa.